Sharhi: Ƙwayar Sankarar Hanji Da Ta Daina Rabuwa Ba Ta Mutu Ba

Jama'a masu sauraro, wata magana ce ke yawo a intanet da ta isa a tanka mata. Masu tallar ƙwayoyin ƙarin lafiya na cewa hodar quercetin, sinadarin da ke cikin albasa da tuffa, tana share "tsofaffin ƙwayoyi", wato ƙwayoyin halitta da suka daina rabuwa, daga jikin wanda ya sha maganin sankara. Sun tsinci kalma guda daga bakin masana, sun maida ita haja.

Mu duba sankarar babban hanji da dubura, wadda a shekarar 2022 ta kama mutum kusan miliyan 1.9 a duniya, ta kashe sama da dubu 900. Bayan tiyata, in cutar ta ɗan yi nisa, galibi akan ɗora majiyyaci kan haɗin magunguna na FOLFOX, wato 5-FU da leucovorin da oxaliplatin, duk mako biyu, har zuwa zagaye 12 cikin wata shida. Wasu kuma irinotecan ake ba su, na dubura a haɗa musu da gashin na'ura (radiotherapy). Aikin waɗannan duka shi ne su lalata DNA ɗin ƙwayar sankara har ta mutu. To amma ba kowace ke mutuwa ba. Wata takan ji rauni, sunadaran p53 da p21 su taka mata birki, ta daina rabuwa, ta kumbura ta baje, tana ci tana numfashi. Shi ne masana ke kira tsufan ƙwaya, abin da Leonard Hayflick ya fara gani a 1961 a ƙwayoyi masu lafiya.

Ta daina rabuwa, amma ba ta mutu ba. Likimo ta yi.

Tana nan zaune tana tsatso sinadarai irin su IL-6 da IL-8 masu tayar da kumburi. Wani lokaci wannan alheri ne, domin yana kiran garkuwar jiki ta zo ta kwashe ta. In garkuwar ta gaza, sinadaran nan sai su zama taki ga maƙwabtan da ba su tsaya ba. A 2017, gwaji kan ɓeraye ya nuna cewa kawar da irin waɗannan ƙwayoyi bayan shan magani yana rage kasala da dawowar ƙari. A 2018 kuma, masu bincike a Balin ta Jamus sun nuna a sankarar jini cewa ƙwayar da ta kuɓuce daga wannan tsufa kan dawo da ƙarfin da ya fi na da, ta hanyar siginar Wnt, wadda ke umartar ƙwaya ta ci gaba da hayayyafa. Ga abin da ke tayar da hankali: kusan kashi 80 cikin ɗari na sankarar hanji dama wannan siginar a buɗe take, saboda lalacewar APC, sunadarin da ke rufe ta. Kusan rabinsu kuma p53 ɗin kansa a lalace yake, ka ga birkin ma ba mai riƙewa ba ne.

Wasu za su ce ai ƙarin da ya tsaya nasara ce. E, ya fi wanda ke girma, kuma babu mai cewa a bar magani. Sai dai hoton CT girma yake aunawa: ya ragu da kashi 30, a ce magani ya kama, ya ƙaru da kashi 20, a ce cuta ta ci gaba. Abin da ke tsakani sunansa "ya tsaya". Hoton ba ya bambance tabo da ƙwaya mai rai da ta yi likimo. Gwajin da ke rina tsohuwar ƙwaya shuɗi don a gane ta ma sai da ɗanyen nama ko daskararre, alhali yawancin samfurin asibiti a formalin ake jiƙa shi a rufe da kakin zuma na gwaji.

To su masu hoda fa? Haɗin dasatinib da quercetin da aka bayyana a 2015 daga Asibitin Mayo a Amurka, rabinsa maganin sankarar jini ne mai ƙarfi, ba albasa ba. Navitoclax, wanda ke kashe tsofaffin ƙwayoyi a ɗakin gwaji, yana karya ƙwayoyin da ke daskarar da jini, mutum ya shiga zubar jini. Dabarar a fara tsufar da ƙwaya sannan a kashe ta da magani na biyu tana da ma'ana, amma har yanzu bincike ce. Babu hukumar da ta amince da ko ɗaya don wannan aiki a sankarar hanji. Haba jama'a! Abin da manyan ɗakunan gwaji ba su gama warwarewa ba, shi ne mai talla a Facebook ya warware?

Tunda ba ta mutu ba, gadinta ake yi. Wanda ya gama magani ya riƙa gwajin jini na CEA, mai nuna alamar dawowar cutar, duk wata uku zuwa shida, da hoton CT yadda likita ya tsara, da leƙen hanji da na'ura shekara guda bayan tiyata, a ci gaba da bibiya har shekara biyar. Duk wata hoda ko jiƙo da aka kawo masa, likitansa ya fara gani kafin ta shiga baki.