Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Taron Bitar Dokokin Gini a Wuraren da Ambaliya ke Ci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, babban baƙonmu na yau, shugabannin hukumomin tsara birane, injiniyoyi, safiyoyi da masu zanen gine-gine, magina da 'yan kwangila, iyayenmu dattawa da wakilan unguwannin da ruwa ya taɓa ci, 'yan jarida, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da warhaka.

Ranka ya daɗe, a madadin kwamitin shirya wannan taro ina yi maka barka da zuwa, kai da 'yan rakiyarka. Sannunku da hanya. Mun san tulin aikin da ka baro a ofis, mun kuma san da ka ga dama da wakili ka turo ya karanta takarda ya koma. Sai ga shi ka zo da ƙafarka, kuma ka zo a lokacin da babu ambaliya, babu sansanin waɗanda suka rasa muhalli, babu kayan agajin da za a raba. Wannan ya fi komai faranta mana rai. Yawanci sai ruwa ya gama ɓarna manya ke zuwa jaje, alhali maganar da ke tsare rai a irin wannan zama ake yin ta, tun ƙasa tana bushe. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara girma.

Tunda Allah Ya kawo ka, ina neman izini in ɗan tsawaita, in kai maka kukan mutanen da ke zaune a wannan zaure. Kukan guda ɗaya ne: makomar gidan da ke bakin ruwa ana yanke ta ne ranar da aka sa hannu a takardar izinin gininsa. Tun ran gini tun ran zane. Bayan wannan rana, duk abin da hukuma za ta yi, daga jirgin ceto har zuwa buhun tallafi, gyaran ɓarna ne.

Akwai wani ƙaramin gari a bakin teku a Faransa mai suna La Faute-sur-Mer. Shekara da shekaru hukumar garin tana ba da izinin gini a wani kwari da ke bayan jingar da ta tare ruwan kogin Lay. Gidaje ne masu kyau, yawancinsu ba bene, kuma da dama daga masu su tsofaffi ne da suka yi ritaya suka zo neman hutu. A daren 27 wayewar garin 28 ga Fabrairu 2010, guguwar Xynthia ta haɗu da cikar teku, ruwa ya haure jingar ya zuba a kwarin mutane suna barci. A wasu gidajen ya wuce tsayin mutum. Wuta ta ɗauke, murafan tagogin da ke aiki da lantarki suka ƙi buɗuwa, ga shi babu bene balle a hau. Mutum 29 suka rasu a wannan gari kaɗai. A 2014 kotu ta sami magajin garin da laifi ta yanke masa ɗaurin shekara 4, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi shekara 2 na jeka-ka-gyara-halinka. Gwamnati kuma ta saye ɗaruruwan gidaje a wurin ta rushe.

Abin da ke tsaya mini a rai game da wannan labari shi ne, babu wanda ya yi ginin dare a cikinsu. Kowa da takardarsa, da hatimi, da sa hannu. Kuma ƙasar tana da doka tun 1995 wadda ta ce a zana taswirar haɗari ga garuruwan da ruwa ke yi wa barazana, a sa ja inda aka hana sabon gini, a sa shuɗi inda za a yi gini bisa sharuɗɗa. Doka na nan a rubuce, amma aka yi ta jan ƙafa wajen aiki da ita, domin kowane sabon filoti kuɗin shiga ne, kowane sabon mazauni ƙuri'a ce. Ita kuwa jingar, kwanciyar hankali ta ba mutane har suka manta a kwari suke kwana. Ko'ina a duniya haka take yi: da an gina katangar tare ruwa sai gidaje su cika bayanta, ranar da ta gaza kuma asarar ta ninka wadda za a yi da babu ita.

Ranka ya daɗe, injiniyoyin da ke nan za su yi bayani dalla-dalla a zaman da ke tafe, don haka zan taɓo kaɗan ne daga abin da muke so doka ta faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Akwai tsakiyar hanyar ruwa, inda yake gudu da ƙarfi idan kogi ya cika. Nan ba wurin kwanan ɗan Adam ba ne, komai ƙarfin siminti da rodin da aka zuba. Ruwa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa tan guda ne. Idan yana gudu, wanda bai wuce idon sawu da kaɗan ba yana iya kayar da ƙato, wanda ya kai gwiwa yana iya tafiya da mota. A bar irin wannan wuri ga noma, kiwo, filin wasa da itatuwa, abubuwan da ruwa zai rufe ya janye ba a yi jana'iza ba.

Sai gefen fadama, inda ruwa ke kwanciya ba gudu. Nan ana iya gini, amma da sharaɗi. Daɓen ɗaki ya zauna sama da iyakar inda ake hasashen ruwa zai kai, a kuma ƙara 'yar rata a kai saboda hasashe na iya kuskure. Mitar wuta da soket su hau sama. Bakin rijiya ya ɗaga, masai da sokawe su yi nesa da ita, domin bayan ambaliya kwalara ce ke biyowa idan ruwan najasa ya gauraya da na sha. Katangar ƙasa kuwa tana bukatar fandisho na dutse ko kankare da ya ɗago ta daga danshi, in ba haka ba gindinta ke jiƙa ta zauna. A samu bene ko wata mafita ta kan rufi. Asibiti, makaranta da ma'ajiyar man fetur ko sinadarai, a kai su tudu. A Ingila, kafin a amince da babban gini a wurin da ruwa ke ci, sai mai nema ya nuna cewa babu wani fili mafi aminci da zai iya amfani da shi. A Amurka, tun 1968 gwamnati ta ɗaura inshorar ambaliya da bin ƙa'ida: garin da bai kafa dokar gini a fadama ba, mutanensa ba sa samun inshorar gwamnati. Kuma idan ruwa ya lalata gida har kuɗin gyara ya kai rabin darajarsa, ba a mayar da shi yadda yake, sai an ɗaga shi ya cika sharuɗɗan yau.

Maganar ciko ita ce ta fi damuna, domin ita ce zaluncin da ba a ganin sa. Mai hali ya sayi filoti a kwari, ya kawo tifa-tifa na jar ƙasa ya cike, ya ja katanga, gidansa ya tsira. Ruwan da ya saba kwanciya a wurin bai ɓace ba. Ya koma tsakar gidan maƙwabcin da ba shi da kuɗin tifa ko ɗaya. Idan mutum ɗari suka yi haka, unguwar da ba ta taɓa ganin ambaliya ba sai ta wayi gari tana kwashe ruwa da bokiti. Haka nan shafe kowane tsakar gida da kankare: ruwan da dā ƙasa ke shanyewa yanzu gaba ɗaya yake kwararowa titi, ya tarar da kwalbatin da aka auna shi tun garin bai kai rabin haka ba. Shi ya sa muke so duk wanda ya cike wani sashe na fadama a wajabta masa tanadar wa ruwa wani wurin kwanciya daidai da wanda ya ƙwace, kuma a daina duba kowane filoti shi kaɗai kamar ba shi da maƙwabta.

Duk waɗannan sharuɗɗa a kan taswira suke tsaye, taswira kuma tana tsufa. Mutane da yawa idan sun ji an ce "ambaliyar shekara ɗari" sai su ɗauka in ta zo bana an huta sai jikoki. Abin da masana ke nufi shi ne, a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta auku. Wanda ya zauna a irin wannan wuri shekara 30, yiwuwar ta same shi ta kai kashi 26 cikin 100, wato sama da ɗaya cikin huɗu. Ga kuma ɗumamar yanayi: duk ƙarin digiri ɗaya na zafi, iska na iya riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, shi ya sa ake ganin ruwan wata guda yana sauka a dare ɗaya. Lokacin da guguwar Harvey ta afka wa birnin Houston na Amurka a 2017, ɗimbin gidajen da ruwa ya shiga suna wajen layin da taswira ta kira wurin haɗari. A 2018 birnin ya sauya dokarsa, ya ce sabon gini a fadama sai ya ɗaga ƙafa 2 sama da iyakar ambaliyar shekara 500. Darasi ne da suka saya da tsada, mu kuwa ga shi mun same shi kyauta.

Taswirar kuma ta fito daga durowa. Ka dubi mai sayen fili da rani, ranka ya daɗe. Dillali ya kai shi, ƙasa a bushe ƙayau, ga turakun safiyo, ga farashi mai sauƙi. Bai lura da cewa ciyawar wurin irin ta bakin rafi ba ce, bai ga layin laka da ke jikin katangar gidan da ke can gefe ba, wanda ya kai ƙugun mutum. Ya zuba abin da ya tara na shekaru, damina ta biyu ya gane abin da ya saya. Da taswirar tana manne a ofishin filaye, tana kan intanet, kuma doka ta tilasta wa mai sayarwa ya rubuta a takardar ciniki cewa ruwa yana cin wurin, da bai faɗa ba. Wajen zana ta kuma a tambayi dattawa. Tsohon da ya nuna maka reshen bishiyar da ruwa ya taɓa kaiwa shekaru hamsin da suka wuce ya ba ka ma'aunin da kwamfuta ba ta da shi.

Akwai wani mutum da nake roƙon ka tsaya masa, shi ne ƙaramin jami'in da fayil ke sauka a teburinsa. Ya duba ya ga filin yana kan hanyar ruwa, ya rubuta bai amince ba. Kafin a tashi aiki waya ta shigo daga sama, washegari ko dai ya sa hannu ko a yi masa canjin wurin aiki. Akwai irinsa da yawa a wannan zaure, kuma sun san abin da nake faɗa. Idan ya tabbata Minista na bayansa, zai iya cewa a'a ga kowa. Wanda kuma ya karɓi na goro ya sa hannu a kan abin da ya san haɗari ne, a bar sunansa a jikin takardar, a neme shi ranar da katanga ta faɗi. Dokar da ke shafa jan fenti a ɗakin talaka ta tsallake katafaren ginin da ya toshe magudanar ruwa, ba mai girmama ta, kuma ba na ganin laifin wanda ya ƙi.

Ba zan ɓoye ba, mafi wuyar sha'anin shi ne waɗanda suka riga suka zauna. Mafi yawansu sun san wurin yana cin ruwa. Sun zauna ne domin nan ne kaɗai ƙarfinsu ya kai, kuma nan ne kusa da inda suke neman abinci. In aka yi musu rusau ba a nuna musu inda za su koma ba, wani kwarin za su nufa, watakila wanda ya fi wannan muni. Ƙasar Holan ta yi rashin mutum 1,836 a ambaliyar 1953, ta shafe shekaru tana ƙara tsayin jinga. A 1995 koguna suka sake cika har aka kwashe mutum kusan 250,000, sai suka gane cewa dole a sakar wa kogi fili. A birnin Nijmegen sun ja jinga baya da mita 350, suka haƙa wa kogin Waal wata hanya ta biyu. Gidaje kusan 50 aikin ya tasa, kuma sai da aka zauna da masu su, aka biya su diyya, kafin a taɓa bulo ɗaya. Garin Valmeyer na Amurka kuwa, bayan ambaliyar kogin Mississippi ta 1993, mutanensa sun yanke shawara suka tashi gaba ɗaya suka koma kan tudu, tazarar kilomita 3 ko makamancin haka, da makarantarsu da maƙwabtakarsu. Irin wannan muke fata: kafin a hana mutum kwari, a yanka masa fili a tudu, mai hanya, mai ruwan sha, mai takarda, a farashin da zai iya. Kuma wurin da aka tashi a mayar da shi lambu ko filin wasa nan take, a sa masa mai kula, domin in aka bar shi kango, ba a daɗewa wani dillalin zai sake yanka shi.

Mai girma Minista, kwamitinmu ya shirya daftarin waɗannan shawarwari, kuma a ƙarshen taro za mu miƙa maka shi hannu da hannu. Muna roƙon ka sa masana na ma'aikatarka su duba shi da idon basira, su gyara abin da ke bukatar gyara, sannan a sa mana ranar da za a dawo a gaya wa waɗannan dattawa inda aka kwana. Muna kuma roƙon, kafin ka koma, ka ba wakilan unguwannin da ruwa ya ci 'yan mintuna su yi maka bayani da bakinsu, domin sun fi mu sanin inda yake shigowa.

Muna sake yi maka maraba. Allah Ya sa ka koma gida lafiya kamar yadda ka zo, Ya yi maka jagora a kan wannan nauyi da ke wuyanka. Yanzu, da izinin mahalarta, ina gayyatar mai girma Minista ya taso ya buɗe mana wannan taro. Bismillah, ranka ya daɗe.