Ɗakin Kwana Da Abincin Ɗalibi: Wa Ya Ce Ba Sa Cikin Karatu?

Aminu: Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau muna tare da Malama Hadiza da Zainab, kuma maganar da za mu ɗauka ita ce inda ɗalibin jami'a yake kwana, da abin da yake ci, da sauran abubuwan more rayuwa. Malama, barka da zuwa.

Malama Hadiza: Barkanmu dai, Aminu. Ni tun farko ban so ka ce "more rayuwa" ba. Gado da ruwa da abinci ba more rayuwa ba ne, a kansu karatun yake zaune.

Zainab: Amma Malama, ai jami'a wurin koyarwa ce. Wasu za su ce ta ji da lacca da jarrabawa, kowa ya nemi makwancinsa.

Malama Hadiza: Waɗanda suka kafa manyan makarantu ba haka suka gani ba, Zainabu. Makarantar Mustansiriyya ta Bagadaza, wadda aka fara ginawa a 1227, da kicin ɗinta aka gina ta, da wurin wanka, da wurin duba marasa lafiya. A Azhar ta Alƙahira, a da akwai ɓangarorin da ake kira riwaƙ, inda ɗalibai suke zama gwargwadon ƙasar da suka fito, ana ba su rabon burodi daga dukiyar waƙafi. Ita kanta Sorbonne ta Faris, da Robert de Sorbon ya kafa a ƙarni na 13, asalinta gida ce da aka yi wa talakawan ɗalibai masu karatun addini. Mutanen nan sun san mai jin yunwa ba ya riƙe karatu.

Aminu: To bari mu shiga ɗakin kansa. Abin da ya fi ci wa ɗalibai tuwo a ƙwarya shi ne cunkoso. Ɗakin da aka gina don mutum huɗu sai ka tarar da ninkinsu a ciki.

Zainab: Wallahi Yaya Aminu, ba ma matsin ne kaɗai ba, barcin ne. Wannan yana karatu da fitila, wancan yana waya, wani ya dawo tsakar dare. Likitoci suna cewa baligi yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Ka ga wanda bai yi barci ba ya yi asarar wani ɓangare na laccar da ya zauna.

Malama Hadiza: Ga kuma cuta. Sanƙarau yana yaɗuwa ne ta numfashi da yawu a inda mutane suke kwana a cushe. Shi ya sa a Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC take ba da shawarar ɗaliban shekarar farko masu kwana a ɗakunan makaranta su tabbatar sun yi rigakafinsa. Tarin fuka ma haka yake son ɗakin da iska ba ta ratsa shi. Taga mai buɗewa magani ce.

Aminu: Ina ruwa kuma?

Malama Hadiza: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar kusan lita 20 a rana ga mutum ɗaya a matsayin mafi ƙaranci, shi ma da ƙyar yake isa sha da girki da wanke hannu. Ka lissafa da ɗalibai 500 a gini ɗaya, lita 10,000 ke nan kullum, kafin a zo maganar wanki da banɗaki. Ginin da ba a yi masa wannan lissafin ba, tun ranar da aka buɗe shi yake cikin matsala.

Zainab: Ni akwai abin da nake so in kare a zaman ɗaki ɗaya, kada a ce duk sharri ne. Wani masanin tattalin arziki, Bruce Sacerdote, ya yi nazari a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, aka buga a 2001. A can ba ɗalibi ne yake zaɓar abokin ɗakinsa na shekarar farko ba, haɗa su ake yi. Sai ya gano makin abokin ɗaki yana taɓa makin mutum, haka ma irin ƙungiyoyin da yake shiga.

Aminu: Zama da maɗaukin kanwa ke nan.

Zainab: Shi ne fa, amma ta kowane ɓangare. In ka dace da mai tashi karatu, kai ma za ka tashi. Shi ya sa nake ganin rabon ɗaki ba aikin da za a yi da ka ba ne.

Aminu: Mu koma abinci. Nan ne na fi rarrabuwar hankali. A jami'o'in Amurka da yawa, ɗalibin shekarar farko mai kwana a makaranta dole ne ya biya kuɗin abincin zango gaba ɗaya, ya riƙa shiga ɗakin cin abinci da kati. Ni ina ganin tilasci ne. Wanda zai iya dafa nasa da araha fa?

Malama Hadiza: Ina tare da kai rabi. Tilascin yana da nauyi ga marar hali. Amma ka duba ɗaya gefen: wanda aka bar shi da kuɗin abinci a hannu, in littafi ko magani ya taso, cikinsa yake fara yankewa. Kuma ba ya faɗa wa kowa, kunya yake ji. A Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, a 2010, ɗalibai ne da kansu suka fara shirin Swipe Out Hunger, na bayar da ragowar abincin da ke katinsu ga masu buƙata. A Faransa kuwa hukumar CROUS, mai kula da masauki da abincin ɗalibai, ta mayar da farantin abinci yuro ɗaya ga masu tallafin karatu a 2020. Wannan ya fi kwanta mini, don mutum zai bi layi ɗaya da kowa, ya ci abu ɗaya da kowa, ba a nuna shi da yatsa ba.

Zainab: Lokacin rufewa ma abin dubawa ne, Malama. Ɗalibin da ya fito daga ɗakin gwaje-gwaje da dare, in kantin ya rufe da magariba, ya kwana da yunwa ko da ya biya.

Aminu: Ga wani abin da yake ɗaure mini kai. Jami'ar Jihar Luwiziyana da ke Amurka ta gina wurin ninƙaya mai zagayawa da siffar haruffan sunanta, aka buɗe a 2017, aka yi ta cece-kuce a kansa. Irin waɗannan fa?

Malama Hadiza: Ba na adawa da filin wasa ko wurin motsa jiki, jiki yana buƙata. Damuwata ita ce abin da yake kyau a hoto shi ake fara ginawa don jawo sabbin ɗalibai, abin da ba a gani kuma a bar shi. Wa yake ɗaukar hoton wayar lantarki ko ƙofar fita ta gaggawa? A Janairun 2000 gobara ta tashi a ɗakin kwanan ɗalibai na Jami'ar Seton Hall a jihar Niyu Jasi ta Amurka. Ɗalibai uku suka rasu, sama da 50 suka ji rauni. Ginin ba shi da na'urar yayyafa ruwa, kuma ƙararrawa ta sha kaɗawa a banza har wasu suka daina tashi in sun ji ta. A shekarar ne jihar ta kafa doka cewa dole a sa na'urar a duk ɗakunan kwanan ɗalibai.

Zainab: Inna lillahi. To Malama, uwa ko uba da suka raka yaro ranar farko, me za su duba?

Malama Hadiza: Su buɗe famfo su ga ko ruwa yana zuwa, su shiga banɗaki da kansu. Su ƙirga gadaje, sannan su tambayi wanda ya riga ya kwana a can mutum nawa ne suke kwana da gaske. Su duba soket, in ya yi baƙi ko an jona masa wayoyi barkatai, su kai ƙara ofishin kula da harkokin ɗalibai a ranar. Sai su bi matakala har ƙasa su tura ƙofar baya, su ga ko a buɗe take ko an sa mata kwaɗo.

Aminu: In an sa kwaɗo fa?

Malama Hadiza: Su tambayi wa yake riƙe da makullin da ƙarfe biyun dare, kada su tafi sai an ba su amsa.

Aminu: Mun gode, Malama. Zainab, sannu da ƙoƙari. Jama'a, sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.