Tsakanin Gona da Tukunya Akwai Aiki

Laccar da wani malamin aikin gona ya yi wa ɗaliban ajin ƙarshe na lise (makarantar sakandare) a Garwa, arewacin Kamaru, an rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Malamai, ina gaisuwa. 'Ya'yana ɗalibai, sannunku da haƙurin zama cikin wannan zafi.

Da na shigo na tambayi yaron da ke bakin ƙofa me zai yi bayan bak, jarrabawar gama sakandare, ya ce konkur, jarrabawar neman aikin gwamnati. Na kusa da shi ma konkur. To, Allah ya ba da sa'a. Amma kujerun gwamnati ƙidayayyu ne, kun fi su yawa nesa ba kusa ba. Ku kuma da an ce noma sai ku hango fartanya da ciwon baya. Wannan guntu ne kawai. Daga ranar girbi zuwa ranar da abinci zai shiga tukunya akwai aiki jibge, kuma mai karatu yake jira.

Mu ɗauki wake. Wa bai taɓa kwance buhu bayan wata uku ya tarar ƙwari sun huhhuda shi ba, gari ya taru a gindi, ga wari? Iyayenmu mata toka suke cakuɗa masa. Wasu 'yan kasuwa kuma su zuba maganin feshi, mu saya mu ci, Allah ya kyauta. A ƙarshen shekarun 1980, masu bincike na Kamaru da na Jami'ar Purdue ta Amurka suka yi gwaji a Marwa: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa daban. Ƙwaron ya shaƙe 'yar iskar da ta rage, ya mutu, ba ko ɗigon magani. Shi ne buhun PICS da ake sayarwa yau a ƙasashen Afirka da dama. Nan arewacinmu aka haife shi! Wani ya karanci halin ƙwaro, wani yana ƙera buhun, wani yana dillancinsa, wani yana zagaya kasuwannin ƙauye yana nuna yadda ake ɗauri. Dukansu da shi suke cin abinci.

Albasa ma haka. Tamu tana zuwa Duwala, har Gabon. Da an cire ta sai ta yi araha, manomi ya sayar don tsoron ruɓa, kafin damina ta fita kuma kuɗinta ya ninka. Wanda ya san a tsayar da ban ruwa kafin cira, a bari ganyen ya bushe, a gina rumbun da iska ke ratsawa, shi ke kwashe ribar.

Sai ƙasar kanta. Tun 1974 kamfanin Sodecoton ke tare da manoman auduga, kuma duk dattijon da kuka tambaya zai ce gona ta gaji. A 2022 kun ga yadda takin zamani ya yi tashin gwauron zabo. Ga gawo kuwa, yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ga masakwa, wadda Fulani ke kira muskuwari: a dasa ta a karal, wato ƙasar laka mai riƙe ruwa, bayan ruwa ya ɗauke, ta nuna da laimar ƙasa kaɗai. Kakanninmu sun san wannan, masu aunawa su inganta ne suka yi ƙaranci.

Wurin karatu ba matsala ba ne. Akwai makarantar ENSAI a Ngaundare don sarrafa abinci, akwai Jami'ar Marwa tun 2008, akwai Jami'ar Dschang, masu son bincike kuma ga IRAD, cibiyar binciken aikin gona ta Kamaru. Ba zan ɓoye muku ba, fili da jari suna da wuya, balle ga 'yan mata. Shi ya sa nake cewa ku fara da ajiya ko sarrafawa, ba sai kun mallaki gona ba.

Ga aikin hutu. Kowa ya auna buhu ɗaya na wake ko gyaɗa a gidansu, ya rubuta nauyi da farashin ranar. Bayan wata uku ya sake aunawa, ya ware na kirki da wanda ya lalace, ya kawo wa malaminsa lissafin. Na ji an kira la'asar, tambayoyi sai mun idar.