Lacca: abin da giya ke yi wa tafiyar ɓeran gwaji

Salamu alaikum. Na baya ku matso kaɗan, wannan zafin na Damagaram ba zai bar ni in ɗaga murya ba. Ɓeran da zan yi magana kansa ba na rumbun gero ba ne, fari ne da ake kiwo a ɗakin gwaji, irin wanda ake ce ma Wistar, asalinsa Filadelfiya ta Amurka.

Ana saka shi cikin babban akwati mara murfi, ƙasan an ja layuka gida-gida, dabarar wani masanin halayya Ba'amurke, Calvin Hall, ce tun 1934. Da can mutum ke zama da biro yana ƙirga gida nawa ya tsallaka, yanzu kamara ke wannan wahalar. Lafiyayyen ɓera zai bi jikin bango, ya sansana lungu, ya miƙe kan ƙafafun baya yana leƙe-leƙe. In aka yi mai allurar giya, kuma da nauyinsa ake auna ta, giram kaza a kowane kilo, sai miƙewar nan ta ragu, tafiyar ta ragu, in aka kai wajen giram 3 zuwa 4 a kilo to ko ka kwantar da shi rigingine ba zai iya juyowa ba.

Inda ake ruɗuwa shi ne in giyar 'yar kaɗan aka ba shi. Wani lokaci sai ka ga ya ƙara zirga-zirga, ka ce ai ƙarfi ya samu. Ina! Ɗora shi kan sanda mai juyawa, gwajin da aka fito da shi a 1957, ya sha da ɗan dama sai ya riga ɗan'uwansa da bai sha ba faɗowa. Giya na ƙara wa sinadarin GABA ƙarfi, shi ne kamar birkin ƙwaƙwalwa, tana kuma taɓa ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya mai daidaita ƙafa.

Abin da ya fi damuna ni dai matasan ɓeraye ne, 'yan wata ɗaya da ɗoriya. Ka ba su daidai da manya, ba su cika tangaɗi ba kuma sun fi saurin farkawa, don haka babu abin da ke tsayar da su da wuri, in an aje masu kwalba sun fi manyan sha gwargwadon nauyinsu.

Eh malama, ina jinki. Ko suna amai? A'a, ɓera ba ya iya amai sam, abin da ya shiga cikinsa sai hanta ta gama da shi.