Inna ta tambaye ni aikina, na ce zare nake kallo

Assalamu alaikum, mutanen Sakkwato, ina gaisuwa. Ku yi haƙuri da hular sanyin nan, yau a Jamus ko hannu ba ya son fita daga aljihu. Hanyar ɗakin gwaje-gwaje nake, mu tafi tare.

Jiya da dare Inna ta kira ni daga Mabera. Mun gama gaisawa sai ta ce, "Wai kai mi kaka yi can har yanzu?" Na ce, "Inna, zare nake kallo." Ta ce ai da na zauna gida da ta koya mini kaɗi da mazari, ba sai na hau jirgi ba.

To, ba ƙarya na yi mata ba. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinka akwai zaren DNA, mai ɗauke da rubutun abin da ka gada, wanda in aka miƙe shi zai kai wajen mita 2. An raba shi gunduwa 46 da ake kira kromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Amma cibiyar ƙwayar, inda ake ajiye shi, faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Wanda ya taɓa cusa zare a aljihu haka nan ya san yadda yake cukurkuɗewa.

Masu hana wannan cukurkuɗewa wasu sunadarai ne da ake kira histon. Iri huɗu ne, H2A, H2B, H3 da H4, kowanne biyu-biyu, su takwas su dunƙule wuri guda. Zaren ya zo ya naɗe su, sau ɗaya da kusan kashi biyu bisa uku, tsawon haruffan DNA 147. Sai ɗan tsaiko, sai wani dunƙulen. Akwai na biyar, H1, shi ne mai riƙe bakin naɗin. Ba gam ba ne ya haɗa su: DNA cajin lantarkinsa na ragi ne, histon na ƙari, dole su manne wa juna. Na ce da Inna ta dubi carbinta, haka abin yake fitowa a madubin ƙara girma na lantarki. Nan ta yi shiru.

Bajamushe Albrecht Kossel ne ya gano histon a 1884, a jinin dinya. Dunƙulen kuwa sai 1974 Roger Kornberg ya bayyana shi, kuma a 1997 aka fitar da cikakkiyar surarsa a birnin Zurik.

Ni abin da ya riƙe ni a wannan fanni shi ne jelar histon. Kowane histon yana da 'yar jela da ta leƙo waje. In aka maƙala mata wani ɗan sinadari, asetil, cajinta ya ragu, naɗin ya sassauta, sai a iya karanta abin da ke rubuce a wurin. In aka cire, ya sake ɗamewa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ƙwayar hanta da ta fata suke ɗauke da rubutu ɗaya amma aikinsu daban.

Inna dai ta ce in na gama kallon zaren in taho mata da rigar sanyi kafin hunturu. Ga ƙofar nan mun iso, ba a shiga da kyamara, bari in kashe.