Abin da masu farautar 'yan wasa ke dubawa kafin zaɓen NBA

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da yamma, kociyoyi da ku matasa 'yan wasa sannunku da zuwa. Yau maganar mu akan yadda ƙungiyoyin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, suke tace yaran jami'o'in Amurka ne kafin ranar diraf, wato zaɓen da ake yi duk watan Yuni. Ƙungiya 30 ne, zagaye biyu, kenan wajen mutum 60 kacal ake kira, kuma doka ta ce sai ka kai shekara 19 a shekarar zaɓen. Kunga ashe yaro ne ɗanye ake zuba masa miliyoyin daloli, alhali wani wasa talatin da 'yan kai kawai aka gani ya buga.

Abin da nake so ku riƙe shine maki nawa yaro yake ci a jami'a ba shi ne tambayar farko ba. Tambayar ita ce a cikin abin da ya iya, wanne ne zai bi shi zuwa NBA, wanne ne zai tsaya a bakin ƙofa. Domin wasan ba iri ɗaya bane. A jami'a minti 40 ake yi kuma kuna da daƙiƙa 30 kafin ku jefa, a NBA minti 48 ne da daƙiƙa 24, layin maki uku, wanda in ka jefa daga bayansa ka ci ake ba ka maki uku, ya fi nisa, wasanni 82 a kaka ɗaya, sannan wanda zai tsare ka ya fi ka tsawo ya fi ka gudu kuma shi ma tauraro ne a jami'arsa.

Ku ɗauki 2011. Jimmer Fredette na jami'ar BYU yana cin maki kusan 29 a kowane wasa, duk Amurka babu wanda ya kai shi a shekarar, aka ɗauke shi na 10. Kawhi Leonard na San Diego State kuwa maki 15 da 'yan kai yake ci, jifansa na maki uku ko kashi 30 cikin ɗari bai kai ba, sai na 15 aka kira shi, Indiana ma ta ɗauka ta miƙa wa San Antonio. To amma Fredette shekararsa 22 a lokacin, ya gama girma, kuma sai ƙwallo tana hannunsa yake da amfani, in aka juyo wajen tsaro ƙafarsa ba ta da saurin da zai tare kowa. Kawhi shekararsa 19, in ya buɗe hannuwa faɗinsu ƙafa 7 da inci 3, ga tafin hannu ƙato, ga kwasar ribaun, wato cafke ƙwallo in an jefa ba ta shiga ba. San Antonio suka ce jifa dai ana koyar da shi, tsawon hannu kuma ba a koyarwa. Suka gyara masa jifan, 2014 ya zama gwarzon wasan ƙarshe, ya sake a 2019 da Toronto. Fredette ƙarshe China ya koma, can ya yi suna.

Maganar shekarun yaro kenan, kar ku raina su wallahi. Ɗan 22 da ke wasa da 'yan 18 kamar babban yaya ne da ya shiga wasan ƙannensa a layi, dole ya haska.

Sai maganar jifa, kuma nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Kowa idonsa akan kashi nawa yaro ya ci a maki uku, amma masu aikin sun fi yarda da jifan kyauta, wanda ake ba ka in an yi maka keta. Dalili kuwa, nan babu mai tsare ka, nisan ɗaya ne a jami'a da NBA, hannunka ne kawai da natsuwarka, kuma jifan maki uku na kaka ɗaya bai da yawan da za a ce ba sa'a a ciki. A 2017 Markelle Fultz ya ci kashi 41 a maki uku amma jifan kyautarsa 65 ne, Jayson Tatum na Duke kuma 34 a maki uku, jifan kyauta kusan 85. Boston ce ke da zaɓi na ɗaya, ta yi musaya da Philadelphia ta sauka na uku ta ɗauki Tatum, wanda ya ci musu kofi a 2024, Philadelphia kuma ta ɗauki Fultz na ɗaya. Amma a yi wa Fultz adalci, ciwon kafaɗa ne ya lalata masa jifa daga baya, ba lalaci ba, kuma abin tausayi ne ƙwarai. Ni dai abin da nake cewa wannan 65 ɗin ya isa a tsaya a ƙara dubawa.

Gwajin da ake yi a Shikago cikin watan Mayu, inda ake auna tsawo da tsalle da gudu, yana da amfani amma kar a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Kevin Durant a 2007 ya kasa ɗaga ƙarfe mai kilo 84 ko sau ɗaya, aka yi ta surutu, amma ya zama ɗaya daga cikin manyan taurarin NBA.

In kuna kallon bidiyon yaro, don Allah ku cire ido daga ƙwallo. Ku bi shi lokacin da ba ta hannunsa. An sa masa shinge, wato abokin hamayya ya tare masa hanya da jikinsa, ya lanƙwasa gwiwa ya ratsa ne ko ya tsaya yana nuna wa abokinsa da yatsa? Ya ɓarar da ƙwallo, ya koma baya da gudu ko yana tafiya yana yi wa alƙali ƙorafi? Koci ya cire shi, ya zauna ya rufe kai da tawul ko yana tsaye yana tafa wa wanda ya canje shi? Draymond Green sai na 35 aka ɗauke shi a 2012 don an ce ya yi gajarta kuma ya yi nauyi, alhali duk waɗannan kyawawan ɗabi'un suna nan a bidiyonsa na shekara huɗu a Michigan State. Pascal Siakam ɗan Kamaru ma na 27 ne a 2016, daga New Mexico State da ba kowa ke kallon wasanta ba, abin da ya sayar da shi gudu ne da ba ya gajiya.

Na ƙarshe kuma mafi wuya shine lafiya, nan likita ya fi koci baki. A wannan 2007 ɗin Portland ta bar Durant ta ɗauki Greg Oden na ɗaya, kuma a lokacin yawancin masana sun yarda da ita, gwiwa ce ta ci amanarsa, wasa 105 kacal ya buga a NBA. Joel Embiid kuma, shi ma ɗan Kamaru, ƙashin ƙafarsa ya tsage dab da zaɓen 2014, Philadelphia ta ɗauke shi na uku duk da haka, ya yi kaka biyu cur bai taka fili ba, sai ga shi a 2023 ya zama gwarzon NBA. Shi ya sa wakilan 'yan wasa suka daɗe suna ja da ƙungiyoyi akan wa za a nuna wa takardun asibiti, domin hoton gwiwa guda ɗaya yana iya sauko da yaro daga biyar ɗin farko zuwa can ƙasa.

Nan zan tsaya, malam na baya tun ɗazu ka ɗaga hannu, bisimilla.