Majalisun Ƙananan Hukumomin Faransa da Jam'iyyun Tsakiya: Jawabi ga 'Yan Ƙungiya

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa, barkanmu da haɗuwa.

Kwamiti ya nemi a yi bayani kan majalisun da ke mulkin garuruwan da muke zaune a cikinsu, domin sau da yawa ana kai koke inda ba a da ikon sauraronsa. Takardar izinin zama aikin firefe ce, wakilin gwamnatin tsakiya, kuma babu kansilan da zai iya ba da ita. Majalisun da ake zaɓa hawa uku ne, kowace na shekara 6. Majalisar jiha na kula da makarantun lise (babbar sakandare), jiragen ƙasa na yanki da koyar da sana'a. Tun 2016 aka rage jihohin cikin Faransa, ban da na ƙetare, daga 22 zuwa 13. Majalisar dapartama, wato gundumar da ke ƙasa da jiha, ita ce ke riƙe da makarantun kolej (ƙaramar sakandare), kuɗin RSA na tallafa wa marasa abin hannu, kariyar yara da tallafin tsofaffi da naƙasassu. Amma wadda ta fi shafarmu ita ce majalisar gari: ginin firamare da abincin yara, ɗaurin auren hukuma, takardar karɓar baƙo, aron zauren taro irin wannan, har da maƙabarta. Keɓe wa Musulmi ɓangare a maƙabarta yana hannun magajin gari, in ya ga dama, doka ba ta tilasta masa ba.

To yaya ake kafa majalisar gari? Jerin 'yan takara ake zaɓa, mace da namiji a jejjere, zagaye biyu. Jerin da ya samu kashi 10 cikin ɗari a zagayen farko zai iya tsayawa a na biyu. Wanda ya samu kashi 5 zai iya narkewa cikin wani jerin. A yawancin garuruwa, wanda ya zo na ɗaya a ƙarshe yana kwashe rabin kujeru nan take, sannan a raba sauran rabin da shi a ciki. Kansiloli ne kuma ke zaɓen magajin gari a zamansu na farko.

A nan ne 'yan tsakiya, wato jam'iyyun da ke tsakanin 'yan dama da 'yan hagu, ke cin kasuwarsu. MoDem ta François Bayrou, wadda aka kafa a 2007, ta fito daga tsohuwar UDF ta 1978. UDI ta zo a 2012 a hannun Jean-Louis Borloo, jam'iyyar Emmanuel Macron a 2016 (ita ce Renaissance tun 2022), sai Horizons ta Édouard Philippe a 2021, wadda ta karkata dama. Ba kasafai suke cin babban gari su kaɗai ba, kuma a zaɓen jihohi na 2021 jam'iyyar shugaban ƙasa ba ta ci jiha ko ɗaya a cikin Faransa ba. Amma jerin da ke da kashi 7 ko 8 shi ake zawarci, kuma sadakinsa muƙaman mataimakan magajin gari ne. Cinikin gajere ne: a yi zaɓe Lahadi, a rufe karɓar sabbin jeri Talata da ƙarfe 6 na yamma. A wani gari su bi 'yan dama, a wani su bi 'yan gurguzu, a wani kuma su ɓoye tambarin jam'iyya gaba ɗaya. Don haka kada sunan jam'iyya ya ruɗe mu. A duba wa aka ba kujerar harkokin ƙungiyoyi, wa aka ba ta makarantu. Kuma ƙungiyar da ke son alkawari ta nema a rubuce kafin zagayen farko, lokacin da kowa ke ƙirga ƙuri'a.

Wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma ba ɗan Tarayyar Turai ba, ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen gari. François Mitterrand ya yi alkawarin gyara wannan a 1981, ba a yi ba. Masu takardar ɗan ƙasa su tabbatar sunansu na rajista kafin Juma'a ta shida gabanin zaɓe. Wanda ya sauya gari bai sake rajista ba, sunansa na can tsohon garin. Sauranmu ba a rufe mana ƙofa ba. Zaman majalisa a buɗe yake ga kowa, ana yin sa aƙalla sau ɗaya a wata uku, ka zauna ka saurara, ba ka da ikon magana. Garin da ya kai mutum 80,000 kuma dole ya kafa majalisun unguwa.

Sai batun tallafi. Dole ƙungiya ta yi rajista bisa dokar ƙungiyoyi ta 1901, ta samu lambar SIRET (lambar shaidarta a wurin hukuma) da asusun banki da sunanta, ba da sunan ma'aji ba. Ana cike fom Cerfa 12156, a sa hannu a yarjejeniyar mutunta ƙa'idojin jamhuriya da ta zama wajibi tun 2022. Tallafin da ya wuce yuro 23,000 sai da yarjejeniya a rubuce. Majalisa na amincewa da kasafin kuɗi kafin 15 ga Afrilu, ko 30 ga wata a shekarar zaɓe, amma garuruwa da yawa na rufe karɓar buƙatu tun watanni kafin nan, wanda ya zo a Maris ya makara.

Abu biyu ke kashe buƙata. Na farko, haɗa ibada da aikin al'ada a takarda ɗaya: dokar 1905 ta hana hukuma ɗaukar nauyin ibada, don haka darasin Hausa da taimakon yara da aikin gida su tafi da kasafinsu daban. Na biyu, rashin kai rahoton yadda aka kashe kuɗi cikin wata 6 bayan rufe shekarar. Muna roƙon sakatare da ma'aji su kawo wa taro mai zuwa kwafin lambar SIRET, rahoton kuɗin bara, da ranar da ofishin magajin garinmu ke rufe karɓar buƙatu.

Na gode. Wassalamu alaikum.